Mustang 5.0 ƙirar 1990: daga ina zan fara ƙara mata ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Columbus, jihar Ohio. Na sayi Mustang LX mai injin 5.0, ƙirar 1990, giyar hannu, ta ci mil 140,000. Tana tashi lafiya, amma ba ta da zafin da nake jin ana ba da labari. Na ware kamar dala 2,000. Abokaina sun ce in fara da babban bakin totur, manyan nozul da cif na kwamfuta. Da hannuna nake son yin yawancin aikin. Me zan fara saye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka yi dace da mota, domin cikin tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka da wuya ka sami wadda kayanta suka kai na wannan yawa da araha. Sai dai abubuwa ukun da abokanka suka lissafa maka, ko ɗaya ba na farko ba ne. Biyu daga ciki ma, in ka sa su yanzu, za su iya mayar da motar baya. Mayar da kuɗin aljihu tukuna.

Bari mu fara da abin da ke ƙarƙashin bonet ɗinka. Injin nan mai silinda takwas, inci 302 ne a lissafin Amurkawa, wato lita 4.9 da 'yan kai, Ford suka cika shi suka rubuta 5.0 a jikin mota. Sun raba shi da kafireta suka koma nozul takwas masu feshi bi da bi a 1986, kuma daga 1987 suka ce yana ba da ƙarfin doki 225. Motar kanta ba ta da nauyi, wajen kilo 1,400 ce, shi ya sa doki 225 ya ishe ta yin suna, har 'yan sandan manyan hanyoyi na jihohi da dama, irin su Kalifoniya, suka riƙa sayenta don kamun masu gudu. Taka kuma tana da wata falala. Daga 1989 duk Mustang 5.0 suna zuwa da na'urar da ke auna yawan iskar da inji ke shaƙa, wadda ake kira MAF. Na 1986 zuwa 1988, ban da na Kalifoniya na 1988, ba su da ita. Kwamfutarsu ƙiyasi take yi daga wani jadawali da aka rubuta mata tun a masana'anta, da zarar ka canza mata kamshaf ko tof silinda sai ta rikice. Taka tana auna iskar da gaske, don haka tana karɓar ƙananan canje-canje ba tare da an taɓa ƙwaƙwalwarta ba. Ka ga cif ya fita daga lissafi tun yanzu.

To amma wancan doki 225 na sabuwar mota ne. Taka ta haura shekara talatin. Abin da kake ji kamar rashin zafi, galibinsa ƙarfi ne da tsufa ya sace, kuma dawo da shi ya fi sayen sabo araha nesa ba kusa ba. Na taɓa karɓar irin wannan motar a gareji, mai ita ya riga ya sa mata katon bakin totur da manyan nozul, tana ta baƙin hayaƙi tana mutuwa a danja. Da muka bincika, tiyon iska guda biyu ne suka tsage a ƙarƙashin manifol, tayimin kuma ya yi baya sosai. Muka mayar mata da nozul ɗinta na asali, muka canza tiyo na 'yan daloli, muka daidaita wuta. Ya fita gwaji ya dawo yana tambaya wane sabon abu muka sa mata.

Saboda haka aikin farko awo ne. Ka auna matsin kowace silinda, inji da ɗumi, totur a buɗe. Ba yawan lambar na fi damuwa da shi ba, kusancinsu da juna nake so, kada wata ta bambanta da sauran fiye da kashi goma cikin ɗari. Idan ɗaya ta faɗi warwas, maganar ƙarin ƙarfi ta tsaya sai an san ko ringi ne, ko bawul, ko gasket. Bayan nan ka tambayi kwamfutar motar da kanta. Sunanta EEC-IV, kuma ta girmi irin soket ɗin da injin bincike na zamani ke shiga, wanda ya zama dole a 1996. Soket ɗinta yana ƙarƙashin bonet ta gefen direba, kusa da bangon da ya raba inji da cikin mota. Da guntuwar waya za ka haɗa baki biyu, fitilar gargaɗin inji ta riƙa ƙifta maka lambobi masu alƙalami biyu, ko ka sayi ƙaramar na'urar karantawa da aka yi dominta. Lamba 11 na nufin lafiya lau. Idan ka ga 41 ko 91, tana cewa na'urar shaƙar hayaƙi, wadda ke jikin bututun salansa, ta ɓangare ɗaya tana ganin fetur ya yi kaɗan, ko kuma na'urar ce ta gaji. Akwai ma wani gwaji da mutane da yawa ba su san tana yi ba. Bayan ta gama ba da lambobi inji yana aiki, in ka ɗan taɓa totur ka saki, za ta riƙa kashe nozul ɗaya bayan ɗaya tana sauraron yadda juyin inji ke sauka, sannan ta faɗa maka silindar da ba ta ja. In ta ba ka 90, duka takwas suna aiki.

Daga nan sai abubuwan da kowa ya sani amma ake ƙyuya: fulogi, wayoyin fulogi, hular distributa da abin da ke juyawa a cikinta, matatar fetur, na'urorin shaƙar hayaƙi guda biyu, da duk wani tiyon roba da ya bushe. Ka wanke siririyar wayar cikin MAF da ruwan feshin da aka yi dominta, kada ka taɓa ta da hannu ko tsumma. A bayan manifol akwai wasu soket biyu masu baki goma-goma, ɗaya fari ɗaya baƙi, ta nan wayoyin nozul suke bi, ka buɗe ka tsabtace su. A jikin distributa kuma akwai wani ɗan akwatin wuta mai suna TFI wanda zafi ke kashewa ba sallama. Ka ajiye sabo a cikin mota tare da ɗan sifanan da ke kwance shi. Matsin fetur ya kamata ya kai wajen 39 a ma'aunin psi idan ka zare tiyon iskar da ke kan mai daidaita matsin. Famfon fetur na asali lita 88 yake turawa a awa, kuma in har shi ne tun na 1990, ka canza shi da mai lita 155 ko 190, ka huta.

Wata magana da ta shafe mu musamman. A gida mun saba ganin makaniki ya cire tamostat ya jefar, wai don kada mota ta yi zafi. Kada ka kawo wannan al'adar kan motar nan, balle a sanyin Ohio. Kwamfutar tana duba zafin ruwa kafin ta yanke yawan man da za ta fesa. In inji bai kai zafinsa na aiki ba, wajen digiri 90 a ma'aunin Salsiyos, za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ambaliyar mai. Ka yi asarar fetur, fulogi su yi baƙi, man da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. In tana zafi, lagireto za ka duba da fanka.

Yanzu ga ƙarfin da ake samu kyauta. Ford sun saita tayimin a digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, don motar ta iya shan fetur mafi araha a ko'ina. Yawancin waɗannan injuna suna jin daɗin 13 ko 14. Ka ɗumama inji, ka kashe, ka zare wani ɗan toshe mai ruwan toka da ke rataye a wayoyin kusa da distributa, ana ce masa SPOUT. Muddin yana ciki, kwamfuta ce ke wasa da tayimin, duk abin da fitilar duba tayimin ta nuna maka ba na tushe ba ne. Ka tayar, ka sassauta ƙusar da ta riƙe distributa, ka juya a hankali kana haskawa, ka ɗaure, ka mayar da toshen. Amma akwai sharaɗi biyu. Na farko, wannan injin ba shi da na'urar jin ƙwanƙwasa, ba abin da zai ja wuta baya in ta yi yawa, kunnenka ne kawai mai gadi. Ka koma shan fetur mai lamba 91 ko 93, ka hau tudu da babbar giya ka taka, in ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ka rage digiri biyu. Na biyu, alamar tayimin tana jikin wani ƙarfe mai nauyi a gaban kiranshaf, wanda zobensa na waje yake zaune a kan roba. In robar ta tsufa zoben yakan zame, alamar ta koma yi maka ƙarya. Ka duba shi, in robar ta kumbura ko ta tsattsage ko ka ga yana rawa, ka canza kafin ka yarda da kowace lamba.

Akwai kuma wani bututun roba da aka ɓoye a cikin fenda ta gefen fasinja, gaban akwatin matatar iska, aikinsa rage ƙarar shaƙa. Cire shi ba ya cin ko sisi. Akwatin kansa ka bar shi, yana jan iska mai sanyi daga cikin fenda. Irin buɗaɗɗiyar matatar nan mai kamar mazurari da ake ɗaurawa a fili cikin ɗakin inji, zafin inji take sha, iskar fanka kuma tana rikita awon MAF. Kyan gani ne da ƙara kawai.

In ka gama wannan duka, to ga inda zan sa mafi yawan kuɗinka, kuma ba a inji ba ne. Giyar aksul ɗin baya ce. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jiki, ƙarƙashin inda aka rubuta AX. In ka ga M, giyarka 2.73 ce. In Z ne, 3.08. Ma'anar lambar ita ce sau nawa furofela za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. Ford sun sa doguwar giya don tsimin mai, ita ce ke sa motar ta yi kamar tana jin barci in ka tashi daga tsaye. Ka mayar da ita 3.73, ƙarfin murɗawar da ke isa taya zai ƙaru da kusan kashi 37 cikin ɗari in daga 2.73 ka taso, ko kashi 21 in daga 3.08 ne, a kowace giya. Injin bai ƙara doki ko ɗaya ba, amma bayanka zai manne da kujera. Da wuya ka sami abin da za ka ɗaura wa inji da irin wannan kuɗin da zai ba ka haka.

Ba a samu a banza ba, tabbas. Giya ta biyar a giyabos ɗinka na T-5 0.68 ce. Da tayar asali, a gudun mil 70 a awa, injinka yana juyi wajen 1,700 a minti da giyar 2.73. Da 3.73 zai koma wajen 2,300, da 3.55 kuma wajen 2,200. Za ka ji ƙara ta ɗan ƙaru, mai ma zai ɗan ƙara tafiya, kuma za ka riƙa canza giya da wuri. In kullum kana kan babbar hanya, ɗauki 3.55. In motar yawon ƙarshen mako ce, 3.73. Masu giyar otomatik ta AOD su ne ke zuwa har 4.10, kai ba ka buƙata. Wannan aikin kuma, duk da ka ce kana son yi da hannunka, ka kai wa wanda ya saba. Haɗa haƙoran giyar nan aikin awo ne da ya kai siririn gashi, in aka kuskure za ta riƙa kuka har ranar da za ta ci kanta. Tunda an buɗe, a canza boris da sil, a sabunta faifan Traction-Lok da ke sa tayoyin biyu su ja tare, domin a mil 140,000 da wuya su rage da sauran rai. Kada a manta da ɗan ƙarin man da ake zuba wa irin wannan aksul, in ba haka ba zai riƙa gurnani a kwana. Sai ɗan haƙorin roba na sifidomita a jikin giyabos, shi ma a canza, in ba so kake allura ta riƙa nuna maka gudun da ba ka yi ba.

Abu na biyu da zan saya shi ma ba ya ƙara doki. Motar nan ba ta da sasi guda daga gaba har baya. Akwai guntun sasi a gaba, akwai a baya, tsakaninsu falen bodi ne kawai, kuma yana murɗewa. Ana sayar da wasu dogayen ƙarafa biyu da ke haɗa na gaban da na bayan. Ka sayi masu cikakken tsawo, a yi musu walda, ba ɗauri da ƙusa ba, kuma a yi waldar nauyin motar yana kan tayoyinta, kada a ɗinke ta a karkace. Ranar da aka sa za ka ji ƙofofi sun daina ƙara. Kafin nan, tunda a Ohio kake inda ake zuba gishiri a titi duk hunturu, ka shiga ƙarƙashi da fitila da sukundireba. Ka soki gindin inda shokazoba na gaba ke zama, da sasin da ke ƙasansa, da akwatunan da hannayen aksul na baya suke ɗaure a jiki. In sukundireba ya shige, to kuɗinka na mai walda ne, sauran magana ta jira.

Birki da taya ma suna cikin ƙarfin mota, ko da yake ba a yin alfahari da su. Na baya ganga ce, na gaba faifai ne ƙanana. Ka sa takalman birki masu kyau, ka canza tiyon roba da man birkin gaba ɗaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya mai shekara goma, ko zanenta bai goge ba, ta zama katako. Bayan motar nan ba shi da nauyi, da giyar 3.73 da ɗan yayyafi za ta juya da kai kafin ka ce kwabo.

Salansa fa? Na asali bututunta inci biyu da kwata ne, bututan da ke fita daga jikin inji kuma an matse su a wasu wurare don sifana ya sami hanya. Gajerun bututan jikin inji masu inci ɗaya da biyar bisa takwas, da salansa mai inci biyu da rabi, suna taimakawa, amma a injin da ba a taɓa cikinsa ba ribar ba ta kai yadda ƙarar ke sa mutum ya zata ba. Ka yi don kana son muryar, ba laifi. Tukwanen tace hayaƙi guda huɗu da ke tsakiya kuwa, dokar tarayya ta hana cire su a motar da ke hawa titi, kome tsufanta. In sun toshe, akwai bututun tsakiya mai tukwane biyu masu sakin iska sosai.

Mu dawo kan shawarar abokanka. Bakin totur ɗinka milimita 60 ne. Ka sa mai 70 ko 75, iskar za ta wuce ƙofa mai faɗi ta je ta tarar da lungu, domin abin da ya shaƙe wannan injin shi ne manifol na ƙasa da tof silinda na ƙarfe masu lamba E7TE. Su ne ke sa ya daina ja da ya wuce juyi 5,000. Nozul kuma ba sa ƙara ƙarfi, mai kawai suke bayarwa gwargwadon iskar da ta shigo. Naka kowanne yana iya fesa laba 19 a awa, takwas sun ba da 152, kuma inji irin wannan yana cin kamar rabin laba a awa kan kowane doki. Ka ga a takarda sun kai doki 300, a aikace ka ce ƙasa da haka kaɗan don a bar musu sarari. Kai ko 225 ba ka dawo ba tukuna. Mafi muni, in ka sa masu laba 24 ba ka canza MAF da wadda aka daidaita da su ba, kwamfuta za ta ci gaba da buɗe su kamar ƙananan ne, mai ya yi yawa. Abin da ya sami mutumin da na ba ka labari ke nan.

Ranar da ka shirya neman doki na gaske, hanyar talaka tana wurin da ake yanka tsofaffin motoci. Ford sun sa injin 5.0 a motarsu Explorer daga 1996 zuwa 2001, da manifol da tof silinda 'yan gidan su Mustang Cobra ta 1993, wadda aka rubuta mata doki 235. Na farko-farko, har cikin 1997, tof ɗinsu GT40 ne, za ka gane su da sanduna uku a tsaye a gefe. Na bayansu GT40P ne masu sanduna huɗu, suna da kyau su ma, sai dai fuloginsu ya karkata ta wata fuska, ba kowane bututun salansa ke barin wayar fulogi ta zauna ba. Ko wanne ka samu, sai ka canza sifirin ɗin bawul, domin na Explorer an yi su ne don kamshaf mai sanyi. Manifol na shekarun ƙarshe kuma ba shi da hanyar mayar da hayaƙi ta ciki irin ta motarka, ka lura kafin ka biya. Mai kuɗi yakan tsallake wannan ya sayi tof na alminiyam daga kamfanoni irin su Trick Flow, AFR ko Edelbrock. A lokacin ne bakin totur mai 65 ko 70, da babbar MAF, da nozul masu 24 za su yi amfani, a sa su tare. Kamshaf na asali ya fi yadda ake raina shi, ni nakan bar shi a matakin farko. Cikin injinka yana da ƙwari, fistin ɗin 1990 na alminiyam ɗin da aka buga ne, sai a 1993 aka canza su. Wanda zai fara kuka shi ne kuloci, sai giyabos, wanda aka ƙiyasta masa ƙarfin murɗawa daidai da abin da injin ke bayarwa tun yana sabo. In kana fizgar giya ta uku da ƙarfi, ba zai daɗe ba.

Dala 2,000 ɗinka, in ni ne, kashi na farko na gyaran tsufa ne da famfon fetur, mafi girma na giyar aksul da kuɗin aikinta, sai ƙarafan haɗa sasi, abin da ya saura ya tafi birki da taya. Da wuya salansa ta samu shiga bana. Ka fara da awon nan a ƙarshen makon nan, ka aiko mini da matsin silinda takwas ɗin, da lambobin da kwamfuta ta ƙifta maka, da harafin da ka gani a ƙofa, sai mu san tsakanin 3.55 da 3.73 wadda za ka yi oda.